Notin da Aka Ɗaure a Sama

Akwai wani mutum, manomi, da yake da wata tsohuwar mota. Motar ta girmi 'ya'yansa duka, masu tsokana ma suna cewa ta girmi aurensa. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya ba ta buɗuwa sai daga waje, amma injinta lafiya lau, da ita yake kai masara da barkono kasuwa. Mutumin nan yana ƙaunar motarsa ƙwarai. In wani ya ce mata akwala, sai ya ɓata rai kamar an zagi 'yarsa.

Mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai suna Kande, tana zaune a gidansa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, Mai Mota take ce masa. Kande tana da yaya guda ɗaya da ta rage mata a duniya, sunanta Tani, tana can ƙauyensu na haihuwa a bayan duwatsu. Tani ce ta goye ta tun tana jaririya, gama uwarsu ta rasu da wuri. Shekaru da yawa sun wuce ba su sa juna a ido ba. Hanyar ƙauyen ba motar haya da take bin ta, sai babura, Kande kuwa ƙugunta ya daɗe da ƙin hawan babur.

Ana nan, a tsakiyar damina, sai saƙo ya zo cewa Tani ta kwanta, ciwon tsufa ne, ba abin da take roƙo sai ta ga ƙanwarta. A lokacin rafin da ke kan hanyar ya cika ya batse, ba gada, ba mota da za ta haye. Mutumin ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Ran da ruwa ya janye, ni da kaina zan kai ki ƙofar ɗakin Iya Tani."

Kande ta ce, "Allah ya kai mu, Mai Mota." Tun daga ran nan ta ƙulle ƙunshin kayanta ta ajiye a gefen gado.

To, motar tana da ciwo a ƙafafun gaba. In ta faɗa ɗan rami sai a ji gwaf, gwaf daga ƙasa, sitiyari kuma ya riƙa yawo a hannu, tayoyi suna cinyewa ta gefe ɗaya. Bari in yi wa waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba bayani kaɗan. A bayan kowace ƙafar gaba akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da yake riƙe ƙafar a jikin mota. Makanikai suna ce masa lowa am, mu dai mu ce masa hannu, gama aikin hannu yake yi. A inda hannun ya haɗu da jikin motar akwai roba mai kauri, da rami a tsakiyarta inda dogon noti yake wucewa. Ita ake kira bushin. In ƙafa ta yi sama ta yi ƙasa a kan gargada, robar nan ce take ɗan murɗawa ta koma, kamar guringuntsi a gwiwar mutum. Na motar mutumin nan sun tsufa sun farfashe, hannuwan ma sun ci duka sun gaji.

Gareji yana can cikin gari, da nisa. Mutumin kuma ba ya son a taɓa masa mota ba ya nan. Ya taɓa tsayawa a gareji ya kalli yadda ake wannan aiki a motar wani, har aka sa sabon hannu, daga nan ya ce ai ya gane, ya tafi shan kunu. Tun daga lokacin yake cewa abin da ido ya gani, hannu zai iya.

Ya ce wa matarsa Briskila, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ruwa bai janye ba zan gyara ta."

Ya shiga gari ya sayo hannuwa sababbi guda biyu, kowanne da bushin ɗinsa. Ya aro jak a wurin maƙwabcinsa Habila, mai motar ɗaukar tumatir. Ya ɗaga gefe ɗaya ya tokare da kututturen itace, ya ɗaga ɗaya gefen ya tokare, har gaban motar ya tsaya a sama, ƙafafu suna reto. Ya cire tayoyi, ya shiga ƙasa da sifana da guduma. Tsofaffin notina sun yi tsatsa sun ƙi motsi, ya zuba musu baƙin mai, ya buga, ya yi zufa, ya fasa ɗan yatsa, har dai suka saki. Ya sa sababbin hannuwa a mazauninsu. Da yake motar tana sama, wuri ya wadata, yana iya zama ya miƙe ƙafa, sai ya ɗaure kowane noti tamau, iyakar ƙarfinsa. Ya mayar da tayoyi, ya sauke motar.

Ya zagaya gari da ita. Shiru kake ji, ba gwaf, ba yawo. Ran Lahadi ya tashi a majami'a ya ba da shaida, har ya ɗan wuce lokacin da aka ba shi.

Ruwa bai janye da wuri ba. Ya ci gaba da kai kaya kasuwa. Kafin rafin ya sauka zuwa gwiwa, wata safiya ya faɗa ɗan rami a bakin kasuwa, sai ya ji gwaf. Ya ce kunnensa ne. Ya sake faɗawa wani, ya ji gwaf, gwaf. Da ya dawo gida ya kwanta ya leƙa, sai ga sabuwar roba ta tsage, baki buɗe.

Abin ya ɗaure masa kai. Tsohon bushin ya yi shekaru yana aiki, sabo kuwa ko kaka bai gani ba. Ya ciro hannuwan ya koma wurin mai sayar da kayan gyaran mota, ya ce jabu aka ba shi. Mai kaya ya rantse ya maya cewa irin su yake sayar wa kowa, ba wanda ya taɓa dawo masa da su. Suka yi ta sa-in-sa har mutane suka taru. A ƙarshe mutumin ya tafi wani shagon ya sayi waɗansu, waɗanda aka ce masa sun fi ƙarko.

A hanyar gida yana ta tunani, har ya gano wa kansa dalili. Ya ce, "Ban ɗaure da kyau ba ne. Noti ya yi sako-sako, shi ya sa robar ta sha wahala."

Ya sake aro jak, ya sake ɗaga mota sama, ya sake tokarewa. Wannan karon da ya zo ɗauri, sai ya nemo dogon bututun ƙarfe ya zura wa sifana, ya kama can ƙarshe ya rataya da dukan nauyinsa, har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Briskila tana tsaye tana kallo, ta ce, "Maigida, ɗaurewa kake yi ko karyawa?"

Ya ce, "Wannan ko giwa ta hau, ba zai motsa ba."

Ruwa ya janye. Amma a makon nan zazzaɓi ya kwantar da Kande, aka jira ta warware, shi kuwa ya ci gaba da jigilar masara. Da ta ji sauƙi, suka sa rana. Kande ta ɗauki ƙunshinta, ta sa zanenta na zuwa sujada, ta shiga baya. Briskila ta shiga gaba, suka kama hanya da murna, tsohuwa har tana rera waƙa a hankali.

Sun haye rafi lafiya. Da suka fara hawan duwatsu, inda hanya ta zama tsakuwa da ramuka, sai gwaf ta dawo, ta fi ta dā ƙarfi. A wata gangara ya taka birki, motar ta fizgi kanta zuwa hagu, wajen kwari. Briskila ta ƙwalla ihu tana kiran sunan Ubangiji. Da ƙyar ya murɗo ta ta tsaya, tayar gaba tana leƙen bakin rami. Suka fito daga motar. Gaba akwai gangara da ta fi wannan, ba wanda ya yi maganar ci gaba. Ya juya motar, suka komo gida kamar masu rakiyar gawa. Da suka iso, Kande ta shige ɗakinta. Ta mayar da ƙunshinta gefen gado, ba ta kwance shi ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo da a ce ta yi faɗa.

Da ya ciro hannuwan, bushin duka biyu sun yage, har sun fi na farko lalacewa. Ya jera su huɗu a gindin mangwaro ya zauna yana kallonsu. Ya lura duka tsagarsu iri ɗaya ce, a murɗe, kamar tsumman da aka matse, amma bai san abin da hakan yake faɗa masa ba. Shi ya ɗaure noti, noti ya ɗaure masa kai.

Kun san halinmu, in mota ta lalace kowa makanike ne. Wani ya ce kayan zamani ne duk ba albarka. Wani ya ce hanya ce, wani ya ce shokasoba, wani ya ce a canza tayoyi. Wata tsohuwa ta ja shi gefe ta ce masa wannan ba aikin ƙarfe ba ne, akwai wanda ba ya son Kande ta je gida, ya bincika danginsa. Wani ɗan'uwa mai himma ya zo da man zaitun ya shafe sitiyari da bonat, ya tsawata wa ruhun gwaf. Briskila ta ce a sayar da motar kawai a huta. Mutumin ya saurari kowa, ya yarda da kowa, ya kwana ya tashi bai san na wa zai ɗauka ba. Har ya fara duban maƙwabta da wani ido, ya fara tunanin ko wani zunubi ne nasa Allah yake tona masa ta ƙarƙashin mota. Ya yi addu'a ya ce, "Ya Ubangiji, na sayi sabo, na ɗaure da gaske, ban yi ha'inci ba. Ina kuskurena?" Bai ji amsa ba.

Ya sake sayo hannuwa na uku, amma tsoro ya hana shi sa su. Ya ajiye su a rumbu, motar tana tsaye a tsakar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Wata safiya sai ga wani ɗan ƙauyen su Tani a kan babur. Ko sauka bai yi sosai ba ya ce, "Iya ta daina cin abinci. An ce in gaya muku, in za ku zo, ku zo."

Mutumin ya ruga gidan Habila ya aro jak. Ya ɗaga mota ya tokare, ya sa hannuwan nan na uku. Ya zura notina ya murɗa su da yatsu don su kama, ya mayar da tayoyi, ya juya zai ɗauko sifana da bututunsa. Sai ga Habila ya shigo a guje yana haki.

Habila ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi mini gafara, jak ɗina. Taya ta fashe mini a bakin titi, mota cike da tumatir, Kudu zan tafi. Ba ni dawowa sai wani mako."

"Habila, ko ɗauri ban yi ba. Ka ba ni ɗan lokaci."

"Rana tana dukan tumatir. Ko dai mu sauke ta yanzu, ko ta zauna a kan kututture har in dawo."

Zanen aro ba ya rufe katara. In ya bar ta a sama, ba mai sauke masa ita. In ya sauke, aiki bai ƙare ba. Ya tsaya baki buɗe, ya dubi mota, ya dubi Habila, ya dubi ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Sai ya ce, "Mu sauke." Suka sauke ta, Habila ya saɓa jak ɗinsa ya fita.

Kande ta leƙo ta ce, "Mai Mota, an gama?"

Ya ce, "Inna, Habila ya karɓe jak ɗinsa."

Ta ce, "Yaushe Habila ya sayi jaki? To, in jakin ne ma a ɗora ni, in dai zai kai ni."

Bai iya ko dariya ba. Ya kwanta ya gwada shiga ƙarƙashin motar, ta yi ƙasa da yawa, kafaɗarsa ma ba ta wuce ba. Briskila ce ta tuna masa da ramin da ruwan damina ya zaizaye a ƙofar gida, mai zurfi kamar zuwa cinya, marar faɗi. Suka tura motar a hankali har ta tsaya a kansa, ƙafa ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ya ɗauki sifana ya sauka cikin ramin ya kwanta rigingine a cikin laka.

Yana can ƙasa sai ya ji motar ta nutsa kaɗan. Ya ji ta sake nutsawa. Ya leƙo, sai ya ga Kande ta shige baya da ƙunshinta, Briskila kuma ta ɗora buhun dawa da za a kai gaisuwa, ta zauna a gaba da jaririyarsu.

Ya ce, "Inna, don Allah ki sauko, ban gama ba."

Kande ta ce, "Na sauka daga motar nan sau ɗaya a tsakiyar hanya. Ba na sake sauka sai a ƙofar Yaya. Ka yi aikinka."

Ya koma cikin rami ransa a jagule. Da ya duba, komai ya canza masa. Hannuwan da ya saba gani suna reto ƙasa yanzu sun miƙe sun kwanta, bushin ya juya a kan notinsa ya zauna wani wuri dabam da inda ya bar shi. Ya ce a ransa, shi ke nan, ya karkace. Wurin kuma ya matse, bututun ba zai shiga ba. Ya tokare ƙafa a bangon rami, ya ja sifana da hannu biyu har kowane noti ya tsaya cak. Ya fito duk laka, yana ganin bai taɓa yin aikin banza irin na yau ba. Wanda ya yi a natse da dukan ƙarfinsa ma ya yage, balle wannan.

Ya kama sitiyari ya ce, "Ubangiji, ni dai ban san abin da na yi ba. Ka kai mu."

Suka haye rafi, suka fara hawan duwatsu. Ya rage gudu, ya karkata kai yana kasa kunne.

Briskila ta ce, "Me kake saurare?"

Ya ce, "Ƙarar."

"Ai babu."

"Shi ne abin da ya dame ni."

Suka zo gangaren nan da ya kusa cinye su, ya taka birki. Motar ta tsaya a kan hanyarta. Suka wuce gangara ta biyu, suka wuce ta uku, har rufin ɗakunan ƙauyen ya bayyana, rana ba ta faɗi ba.

Tani tana kwance a kan tabarma, ta rame ƙwarai, idonta a rufe. Kande ta shiga da rarrafe saboda ƙugunta, ta kama hannunta ta ce, "Yaya, ga ni."

Can sai Tani ta buɗe ido ta ce, "Kande, kin daɗe a hanya."

"Mota ce, Yaya."

"To, zauna kusa. Ki ba ni kunun nan da suke ta damuna da shi."

Ta sha daga hannun ƙanwarta. Mutumin yana tsaye a bakin ƙofa, ya juya baya ya yi kuka, kukan murna da na tsoron abin da ya kusa faruwa. Tani ta ƙara 'yan kwanaki, suna hira suna tuna mutanen da suka riga su. Ran da ta cika, kanta yana kan cinyar Kande.

Bayan jana'iza suka komo gida. Mutumin ya zauna jiran ranar da gwaf za ta dawo. Ya kai dawa kasuwa, ya kai gyaɗa, ya bi ramukan da ya saba bi. Rani ya raba, ba ƙara. Ya leƙa ƙarƙashi, roba tana nan lafiya kamar ran da aka sa ta. Maimakon ya huta, sai ruɗewarsa ta ƙaru. Wata yamma yana zaune a gindin mangwaro da yagaggun bushin nan a gabansa, ya ce da ƙarfi, "Ni dai ban gane ba. Wanda na ɗaure a sama, wuri a buɗe, da dukan ƙarfina, ya yage. Wanda na ɗaure a cikin laka, mutane da buhu a kai, shi ya riƙe."

Kande tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta nuna Briskila da haɓa, wadda ta sunkuya tana ɗora jaririya a baya, ta ce, "Ni ban san mota ba. Amma dubi matarka. Tana sunkuye za ta rufa zane, ba a nan za ta ɗaure majanyi ba. Sai ta miƙe, ta girgiza, yarinya ta zauna inda za ta zauna, sa'an nan ta ɗaure. In ta ɗaure tana sunkuye, da ta miƙe ko zane ya yage, ko yarinya ta yi ta kuka. Yaya ce ta koya mini."

Mutumin ya ɗauki bushin ɗaya ya juya shi a hannu, ya sake duban tsagar nan mai kama da matsattsen tsumma. Sai idonsa ya buɗe. Ashe in mota tana sama, hannuwa suna reto ƙasa. Ya ɗaure robar a haka, ya hana ta juyawa. Da aka sauke motar, nauyi ya tura hannuwa sama, robar ta murɗe tun motar tana tsaye a tsakar gida, ta kwana a murɗe, ta wuni a murɗe. Ramin farko da ta faɗa sai ya ƙarasa abin da shi ya fara. Kayan ba jabu ba ne, ba kuma wanda ya sa masa hannu.

Yanzu ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Motar nan rayuwarmu ce, tsofaffin hannuwa kuma halayenmu ne da suka lalace, masu fizgar mu zuwa kwari. Jak shi ne lokutan da Allah yake ɗaga mu sama, kamar taron farkawa, da ranar baftisma, da ranar aure, da safiyar Lahadin da waƙa ta ratsa ka har hawaye suka zubo. Kada wani ya fita ya ce na kushe waɗannan. In ba a ɗaga mota ba, ba a cire tsohon hannu. Amma a sama ba nauyi a kanka. Ba mai jin haushinka a wurin, ba yaro mai kuka, ba surukin da ya faɗa maka magana. Alkawari a wurin yana da sauƙin ɗauri, wuri a buɗe yake.

Sai Litinin ta sauke ka ƙasa. Kafin mako ya zagayo ka ji gwaf, tsohon fushin nan ya dawo, tsohon harshen nan ya dawo. Daga nan ruɗewa take farawa, na kuwa ga ta cinye mutane da yawa a cikin ikilisiyar nan, abin yana ba ni baƙin ciki. Wani ya ce tubansa jabu ne, ya daina zuwa sujada don kunya. Wani ya fara neman wanda ya yi masa asiri. Wani kuma, shi ne ya fi ba ni tausayi, ya jira taro na gaba, ya fito gaba ya nemo bututu, ya ƙara rantsuwa, ya ƙara kuka, ya yi alkawarin da ya fi na bara girma. Ya koma gida ya yage fiye da dā.

Ɗan'uwa, tubanka ba jabu ba ne. Wurin ɗaurin ne ka kuskure. Abin da ka karɓa a sama, ka riƙe shi, ka sauko da shi a hankali, ka bar nauyin gidanka ya zauna a kansa, a nan za ka ɗaure. Kai da ka ce ka gafarta wa ƙanenka, ba a kan bencin majami'a za a san haka ba, sai ran da awakinsa suka sake shiga gonarka, ka kora su gida ka gaishe shi. Ke da kika ce kin bar gulma, notinki yana layin famfo, lokacin da aka matso kusa aka ce, "Kin ji abin da ya faru?" A wurin za ki ce, "Ubangiji, riƙe mini bakina yanzu," ki ɗauki bokitinki. Wurin a matse yake, akwai laka, ba mai tafa maka, kai kanka za ka ga kamar ba abin kirki kake yi ba. Ubangijinmu ma bai cece mu daga can sama ba, sai da ya sauko ya sa kafaɗa a ƙarƙashin nauyinmu.

In kuwa Allah ya aiko wani Habila ya karɓe jak ɗinka, daɗin taro ya wuce, zuciya ta yi sanyi, kada ka ce an yashe ka. Sauke ka aka yi don a gama aikin.

Kada kuma ka ajiye sababbin hannuwa a rumbu kana jiran ka gane komai tukuna. Kowannenmu yana da wanda yake jiransa a bayan duwatsu, wanda ya yi wa alkawarin zuwa, ko na neman gafara, ko na sulhu, yana ta cewa sai ya shirya. Ka san sunansa, yanzu haka ya faɗo maka a rai. Tani ta jira har ƙanwarta ta iso. Ba kowace Tani ce ake ba wa kwanakin jira ba.